Daren Zaɓen Delege

Gobe majema za ta zaɓi delege.
An ce ni, wai bakina ba ya rawa gaban patoro.
Sai na nufi fadar Kyari a Zengo
in ari hankali wurin waɗanda ƙafarsu ta ga duniya,
hannuna na warin bagaruwa da toka,
warin da ya gagari sabulu tun ina saurayi.

Kofin farko, mai ɗaci, Tasi'u ya karɓa.
Shekara shida ya ɗauki bulo a Sabha.
Ya ce, can kuɗi na da nauyi, dinari ba sefa ba,
amma ba takarda, ba shaida sai Allah.
Ran biya in mai gida ya kashe waya,
wa za ka kai wa ƙara? Bangon da ka gina?
Wata huɗu nawa na can cikin benen wani,
har yau matarsa na shanya a kansu.

Agali ya gyara rawani.
Ya ce, Tamanrasat ta fi gaskiya:
rana ta faɗi, a sa maka a tafi, ka ƙirga.
Ka ci na yau. Na gobe kuwa,
sai in mota ba ta zo da asuba ta kwashe ku ba.

Ɗanladi ya yi tsaki, shi ɗan Sharaɗa ne a Kano,
gidan roba, aikin dare.
Ya ce, mu muna da ƙungiya, har da ofis da fanka.
Kafin albashi ya iso sun yanki nasu,
shugaba ka gan shi sau biyu a shekara, ta gilashin mota.
Amma ranar da inji ya cinye yatsun Bala
mun sa kwaɗo a ƙofa kwana uku
har sai da aka biya asibiti.
Nairar ce dai, ƙanƙara a tafin hannu,
kafin ka kai kasuwa ta zama ruwa.

Kyari bai je ko'ina ba, waya ya miƙo.
Ɗan ƙanwarsa na wanke motocin haya a Faransa,
ga hoton takardar albashinsa, doguwa kamar zanen gado:
layin ciwo, layin tsufa, layin ranar rashin aiki,
kowa ya gutsura kafin mai shi ya ɗanɗana.
Da ya karye a ƙafa, tukunyarsa ba ta huce ba.
Wakilinsu, wai, kujera guda yake zama da masu gida.
Ɗakin da yake haya kuwa,
akuyata ba za ta yarda ta kwana ciki ba.

Suka juyo: ku fa?

Na ce, mu doka na nan, littafi mai kauri,
na taɓa ganinsa ya tokare taga a ofishin ƙwadago.
Biya kan fata ne: ta akuya kaza, ta tunkiya kaza,
in damina ta hana bushewa, ta hana tuwo.
Delegen bara, Sabi'u, zaki ne har watan uku,
sai aka ba shi babur.
Baki ya ci, ido ya ji kunya.

Muka yi dariya, mai yawa, ta waɗanda aka cuta.

Yaron da ke fifita gawayi bai yi ba.
Nafi'u. Shi ke kankare mini gashi tun sallar asuba,
hannunsa ya tsage kamar tafkin Birni a bazara.
Ina ba shi abin da ya sawwaƙa,
dala hamsin, wani sa'in sauran dambu.
Ya zuba kofi na uku, ya miƙo, ya ce,
Baba Ilu, gobe ni ma zan ɗaga hannu?

Ba wanda ya kalli wani.
Sukari ya yi yawa, ya ƙi wucewa.

Na ce ya kawo biro da bayan kwalin shayi
in sa shi cikin jerin masu zaɓe.
Na rubuta Nafi'u, na tsaya.
Shekara biyu yana bayana,
ban san sunan ubansa ba.